Lilo da lissafi: Me ya sa har yanzu babu babban wurin wasan yara a New Bell da Nylon?

Duk ranar Sallah, da an sauko daga idi an ci abinci, sai titunan New Bell su cika da yara cikin sababbin kaya, kowa da 'yan kuɗin barka da Sallah a aljihu. Su leƙa gidan kawu, su leƙa gidan gwaggo, su sayi alewa da balan-balan, kafin la'asar yawon ya ƙare domin babu sauran wurin zuwa. Masu ɗan hali su ɗauki tasi zuwa Douala Grand Mall da ke kusa da filin jirgin sama, ko su nufi Bonapriso da Bonamoussadi. Saura kuwa sai bakin titi, inda 'yan bendskin ke wucewa kamar iska.

A irin wannan rana ce ake yawan jin magana ɗaya a majalisun ƙofar masallaci: ina ma wani Alhaji zai fito da kuɗi ya gina wa yaran nan wurin wasa, mai lilo da jirgin ƙasa da motocin karo, irin wanda ake gani a Abuja ko Dakar. Masu maganar suna ganin kasuwa ce a buɗe, ga yara dubbai, ga kuɗi a hannunsu, ga babu abokin gasa. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai abin da suke kallo rana ɗaya ce cikin 365, shi kuwa mai zuba jari dole ya ciyar da wurin a sauran ranakun 364.

Tunda akwai 'yan kasuwa da ƙungiyoyin adashi da wannan tunani ke yi wa yawo a zuciya, yana da kyau a baje lissafin a fili kafin wani ya saka gumin shekara ashirin a cikin ƙarfe.

Sana'ar da ke cin kuɗi tun ba ta buɗe ƙofa ba

Mai shagon atamfa a Marché Congo idan kasuwa ta yi sanyi sai ya rage saro kaya, ya jira. Mai wurin wasa ba shi da wannan dama. Kusan dukkan kuɗinsa ya kashe su tun farko: fili, katanga, cikon ƙasa, na'urorin wasa, kuɗin jirgin ruwa da na kwastan a tashar Douala, janareta, banɗakuna. Bayan ya buɗe kuma, abin da yake kashewa kullum bai damu da yawan baƙi ba. Lilon da ke juyawa, wanda ake kira manège da Faransanci, wutar da zai sha da yaro ɗaya a kai ita ce kusan wadda zai sha da yara goma sha shida. Mai gadi da mai sayar da tikiti da makaniki za su karɓi albashi ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Wannan yana da fuska biyu. Idan wurin ya wuce adadin baƙin da ke biyan ɗawainiyarsa, kusan duk wanda ya ƙara shigowa riba ce zalla. Idan kuma bai kai ba, asarar ba ta jira, kuma babu abin da za a rage. Lilo ba buhun shinkafa ba ne da za a karya farashi a rabu da shi a yini ɗaya.

Shi ya sa manyan masu wannan harka ba sa fara wa da zaɓen na'ura. Kafin Walt Disney ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yulin 1955, sai da ya ɗauki wani masanin lissafin kasuwa, Harrison Price, ya binciko masa inda jama'ar yankin Los Angeles ke ƙaruwa, inda sabuwar babbar hanya za ta bi, yanayin wurin, da farashin gonaki. Aikin ya ci dala miliyan 17, kuma kuɗin Disney kaɗai bai isa ba, sai da gidan talabijin na ABC ya shigo da jari. Tambayoyin da Price ya yi su ne har gobe ake yi: mutum nawa ke zaune a inda za su iya isowa cikin sauƙi, kashi nawa daga cikinsu za su zo, sau nawa a shekara, kuma nawa kowanne zai kashe.

Tambaya ta farko ba ta da wuya a Douala. Ƙidayar 2005 ta samu kusan mutum miliyan 1.9 a birnin, yanzu kuwa ana ƙiyasta sun haura miliyan 3, kuma New Bell da yankin Nylon suna cikin wurare mafi cunkoso. Sauran tambayoyin ukun ne ke da ƙaya.

Kwana nawa ake ciniki a shekara?

A nan ne Douala ta bambanta da Kano ko Maradi, kuma a nan ne mafi yawan masu mafarkin ba sa tsayawa su duba.

Douala na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka. Abin da ke sauka a shekara yakan kai milimita 3,500 zuwa 4,000, wato ya ninka na Kano fiye da sau uku. Mafi ƙarfinsa kuma daga Yuni ne zuwa Oktoba, inda a Yuli da Agusta akan yini ana tsuga shi ba ƙaƙƙautawa. To, yaushe ne babban hutun 'yan makaranta? Daga Yuni zuwa farkon Satumba. A Turai da Amurka wannan hutu shi ne kakar masu wuraren wasa, a cikinsa suke tara abin da zai riƙe su shekara. A Douala kuwa watannin da yara ke zaune a gida su ne watannin da ba wanda zai hau lilo a fili. Duk tsarin kasuwancin da aka kwafo daga waje ba tare da gyara wannan ba, an gina shi a kan ruwa.

Sai mu ƙirga ranakun da suka rage. Sallah biyu, a ba kowacce kwana uku, shida ke nan. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, a ce kwana goma, kuma Allah ya taimaka lokacin rani ne. Ga 11 ga Fabrairu, ranar matasa, ga 20 ga Mayu, ranar ƙasa, da wasu 'yan ranakun hutu. Duka-duka manyan ranaku kamar ashirin. Asabar da Lahadi kwana 104 ne a shekara, idan aka cire na tsakiyar damina za a bar kamar saba'in. Ragowar kwana 275 ranakun makaranta ne ko na ruwa.

Mu ƙaddara, don misali kawai, wani matsakaicin wuri mai na'urori biyar. A ce yana samun baƙi 1,500 a kowace babbar rana, 200 a ranar ƙarshen mako mai kyau, 20 a sauran ranaku. Manyan ranaku sun ba da 30,000, ƙarshen mako 14,000, saura 5,500. Jimilla 49,500 a shekara. Abin lura shi ne kashi 60 cikin 100 na baƙin shekara sun zo ne a kwana ashirin kacal. Idan ruwa ya sauka a biyu daga cikin ranakun nan, ko wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, baƙi 3,000 sun tafi, kuma ba za su dawo ranar Talata su rama ba.

Akwai wani abin kuma da ya shafe mu musamman. Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa a watan Maris tana gangarowa zuwa Fabrairu, Babbar Sallah kuma ta baro tsakiyar damina tana komawa Mayu. Wannan sa'a ce ga duk wanda zai fara yanzu. Amma zagayen yana cika ne a kusan shekara 33, don haka wurin da aka gina don ya daɗe zai riski shekarun da Sallah za ta faɗo a Agusta ko Satumba. Wanda ya tuna Babbar Sallar 2018 da 2019, da aka yi su a watan Agusta, ya san yadda filin idi ke kasancewa.

Daga wannan cunkoso na 'yan kwanaki ne wata matsalar ke fitowa: girman da za a gina wurin. Lilo mai kujera 16, idan kowane zagaye da hawa da sauka ya ɗauki minti biyar, zai yi zagaye 12 a awa, ya ɗauki yara 192. A kan sefa 300 kowane yaro, 57,600 ke nan a awa idan ya cika maƙil. Ranar Sallah wannan bai isa ba, layi zai yi tsawo, iyaye su fusata su tafi. Ranar Talata kuwa ko yara ashirin ba zai gani ba, cinikin sefa 6,000, alhali janaretan da ke shan lita uku a awa, idan ya yi awa shida a farashin 828 da aka sa wa litar dizal a Fabrairun 2024, ya ƙone kusan 15,000. Masana harkar ba sa gina wuri daidai da rana mafi cika a shekara. Suna zaɓar rana mai cika amma wadda ake maimaita irinta sau da dama, su yi gini daidai da ita, ranar Sallah kuma a ƙara da na'urorin haya da ma'aikatan wucin gadi.

Aljihun iyaye

A watan Maris na 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da ba na noma ba. Da yawa daga mazauna Nylon da New Bell ma ba albashi suke ɗauka ba, abin da aka samu yau shi ake ci yau. Magidanci mai 'ya'ya biyar, idan kowane yaro zai kashe 1,500, ya fitar da 7,500 ke nan ban da kuɗin tasi, wato kashi ɗaya cikin takwas na wancan albashi a yamma ɗaya. Zai iya yi da Sallah. Ba zai yi kowane mako ba.

Wannan ne ke yanke hukunci a kan yadda za a sayar da tikiti. Hanya biyu ce a duniya. Ko dai a biya kuɗi mai kauri a ƙofa a hau komai kyauta, ko a biya kaɗan a ƙofa sannan a biya kowace na'ura daban. Disneyland kanta da ta biyun ta fara, dala ɗaya a ƙofa sannan tikitin kowane wasa, ba ta koma tikiti ɗaya na komai ba sai a 1982. Ga unguwanninmu, a ganina, babu ma abin muhawara. Uwa da ta rako yara huɗu ba za ta hau lilo ba, kuma idan aka ce ta biya 3,000 don ta zauna a benci, ba za ta shigo ba. Ƙofa mai araha, sannan kowane yaro ya hau gwargwadon abin da ke aljihunsa, shi ya dace da mutanen da suka saba sayen mai da sukari a ƙulle-ƙulle.

A koma kan misalinmu. Baƙi kusan 50,000 a kan 1,500 kowanne, cinikin shekara miliyan 75 ne. Adadin na da daɗin ji. Amma harkar da cinikinta ya kai haka tana cikin masu karɓar harajin TVA, wanda yake kashi 19.25 cikin 100, don haka kusan miliyan 12 daga ciki ba na mai wurin ba ne, ko da yake zai cire wanda ya biya a sayayyarsa. Ma'aikata 15 a kan mafi ƙarancin albashi sun kusa miliyan 11 a shekara, ban da kuɗin CNPS, kuma makanikin kirki ba zai zauna a kan 60,000 ba. Saura wutar lantarki, dizal, kayan gyara da ake odarsu daga waje, inshora, fenti, kuɗin haya ko na fili, da harajin magajin gari. Idan bayan duk wannan aka tsira da miliyan 20, a jarin miliyan 200, sai an shekara goma kafin uwar kuɗi ta dawo. A lokacin kuma na'urorin sun tsufa.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: yara suna gajiya da abu ɗaya. Wurin da bai kawo sabon wasa ba duk bayan shekara biyu ko uku, baƙinsa raguwa suke yi. Don haka wani kaso na ribar ba na ci ba ne, na sake zubawa ne.

Manyan wuraren wasa na duniya ba da tikiti kaɗai suke rayuwa ba. Abinci, abin sha, kayan tsaraba da otal suna kawo kaso mai tsoka. A nan akwai wata magana da gara a faɗe ta ƙarara. A Douala, yawancin wuraren shaƙatawa ribarsu a kwalbar giya take. Ɗan kasuwa Musulmi ba zai sayar ba, kuma da gaskiyarsa, amma sai ya san cewa ya rufe ƙofar da maƙwabtansa ke samu ta cikinta, ya nemi abin da zai maye gurbinta: rumfunan haya ga masu suya da kilishi, masu zoɓo da ake ce wa foléré, masu ƙosai da fanke, masu ɗaukar hoto. Ko Euro Disney da ta buɗe a Faransa ba ta sayar da barasa, a 1993 ta janye dokar saboda matsin kasuwa. A gefe guda kuma, wuri mai tsabta, babu maye, akwai wurin alwala da salla, abu ne da iyaye da dama ke nema, Musulmi da Kirista. Kuma dole a jawo duka biyun, domin Musulmi tsiraru ne a Douala, Sallah kaɗai ba za ta riƙe wurin ba sai da Kirsimeti.

Ina filin yake?

A ce an shawo kan duk wannan. Saura inda za a kafa.

New Bell ta samo asali ne tun zamanin Jamusawa, gab da 1914, lokacin da suka ƙudiri kwashe 'yan ƙasa daga bakin kogin Wouri su mayar da su baya, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a watan Agustan shekarar. Daga baya ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Bassa, 'yan Najeriya da sauransu, kowa ya kafa inda ya samu. Nylon kuma daga baya ta taso, a kan fadama, mutane suka yi ta cike ruwa da ƙasa suna gini. Unguwanni irin su Tergal, Brazzaville, Madagascar, Oyack da Bilongue duk a wannan yanki suke. A shekarun 1980 aka yi babban aikin sake fasalin yankin da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan, ta hannun hukumar MAETUR, aka fitar da tituna da magudanan ruwa, aka gina kasuwar Madagascar. Abin da ya fi damun jama'a a lokacin shi ne hanya, ruwa, asibiti da kasuwa. Ba a bar wani makeken fili don lilo ba, kuma ba wanda zai zarge su.

Yau duk wanda ke neman hekta ɗaya a wannan yanki, wato murabba'in mita 10,000, zai tarar da ɗayan uku: ko babu, ko akwai amma ruwa na kwanciya a kai, ko akwai amma takardunsa na da rikici. Fili marar titre foncier ba a zuba masa miliyoyi, banki ma ba zai karɓe shi jingina ba. Wanda ke bakin magudanar ruwa kuwa, hukumar birnin ta sha rushe gine-gine a irin wuraren nan. Idan kuma an dace da mai kyau, farashinsa zai tayar da wata tambayar: me ya sa ba za a gina shaguna ko sito ko gidajen haya a kai ba, waɗanda ke kawo kuɗi kowane wata, da ruwa da rani?

Wannan tambaya ce ta kashe Ratanga Junction a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. An buɗe shi a 1998 da manyan na'urori, daga baya ya koma buɗewa a lokutan hutu kawai, a 2018 aka rufe shi aka mayar da filin gidaje da ofisoshi. Ƙasar ta fi wasan daraja. Shi ya sa ake kai manyan wuraren wasa bayan gari inda fili ke da araha. A Douala wannan na nufin wajen Yassa ko Japoma, ko ƙetaren gada ta Bonabéri. Amma da an kai shi can, an rabu da yaran New Bell da aka ce don su za a gina, domin kuɗin mota da cunkoson Ndokoti ko na hanyar Village sun isa su hana uwa mai yara huɗu fita.

Manya ma sun ƙone hannu

Kada a ɗauka ƙarancin jari ne kawai matsala. Euro Disney ta buɗe a gabashin Paris ranar 12 ga Afrilun 1992, da otal-otal masu ɗakuna sama da 5,000 da bashi mai nauyi. Mutane sun zo da miliyoyinsu, amma ba su kashe abin da aka yi hasashe ba, kuma da yawa sun gwammace su kwana a Paris su shigo jirgin ƙasa. A shekarar kuɗi ta 1993 kamfanin ya yi asarar faran biliyan 5.3 na Faransa. Sai da aka sake tsara bashin a 1994, Yarima Al-Waleed bin Talal na Saudiyya ya sayi hannun jari, kafin wurin ya miƙe da sunan Disneyland Paris. Kuskuren ba a yawan baƙi yake ba, a abin da kowane baƙo zai kashe yake, da kuma bashin da aka ɗora a kan wannan hasashe.

Kusa da mu ma akwai Tinapa a Kalaba, wanda aka buɗe a 2007 zamanin gwamna Donald Duke, da shaguna, otal, wurin wasan ruwa da ɗakin shirya fim. An kashe ɗaruruwan miliyoyin dala. An dogara da cewa za a riƙa sayar da kaya ba haraji mutane su yi tururuwa, sai aka samu saɓani da kwastan, shagunan suka zauna wayam, bashin ya koma hannun hukumar AMCON.

Ga ɗan kasuwar da ke gudun bashin ruwa, wannan darasi ya zo daidai. Harkar da kuɗinta ke shigowa a kwana ashirin ba ta jituwa da bashin da ake biya kowane wata. Haɗin gwiwa da raba riba da asara ya fi dacewa da ita, ko tsakanin 'yan kasuwa, ko ta sashen hada-hadar kuɗi ta Musulunci irin wanda Afriland First Bank ke da shi.

Goggon biri da tsatsa

Masu karatu da dama za su tuna labarin da ya fito daga gidan zoo na Kano a watan Yunin 2019, lokacin da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8, kuɗin shiga da aka tara a bukukuwan Sallah. Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa a yi bincike, kuma aka bayyana cewa gidan ba shi ma da goggon biri. An yi ta dariya, amma labarin ya nuna abu biyu da suka shafi maganarmu: yadda kuɗin irin wannan wuri ke taruwa a 'yan kwanaki, da yadda tsabar kuɗi a hannun mutane da yawa cikin turmutsutsu ke da saurin bin iska. Tikiti mai lamba, raba mai karɓar kuɗi da mai yaga tikiti, biya ta Orange Money ko MTN MoMo, da kai kuɗi banki a ranar, ba ƙawa ba ne. Wurin da ya yi sakaci da su zai iya cika maƙil kuma ya wayi gari ba riba.

Na biyu ya fi kuɗi muhimmanci. Iskar Douala mai laima ce da gishirin teku, ƙarfe na yin tsatsa da wuri, musamman a wuraren walda da ƙusoshin da ido ba ya gani. Na'urorin da ake samu da araha, ko sababbi daga Sin ko tsofaffin da aka sauke daga Turai, ba laifi ba ne a saye su, amma sai da takardar tarihin gyaransu, littafin mai ƙera su, da tabbacin za a samu kayan gyara. Turai na da ma'auni na musamman, EN 13814, kan yadda ake ƙerawa da duba irin waɗannan na'urori, kuma mai saye na da haƙƙin ya tambaya ko abin da ake tallata masa ya cika shi. A duba kowace na'ura kowace safiya kafin yaro ya hau, a rubuta. Ko gidan iska da yara ke tsalle a ciki, idan ba a ɗaure shi da ƙasa sosai ba, guguwar farkon damina na iya ɗaga shi. A Kamaru harkar shaƙatawa tana ƙarƙashin ma'aikatar yawon buɗe ido da shaƙatawa, MINTOUL, bisa dokar 2016, kuma sai da izininta ake buɗewa. Hatsari ɗaya ya isa ya rufe wuri har abada, ban da alhakin rai da ke wuyan mai shi.

To, me zai yiwu?

Idan aka dubi abin da ya daɗe yana aiki a Kamaru, ba katafaren wuri na dindindin ba ne, taron lokaci-lokaci ne. Ya-Fe a Yaoundé ana yin sa a ƙarshen shekara. Fomaric, wanda marigayi mawaƙi Nkotti François ya assasa a Douala, ana yin sa a farkon shekara kafin ruwa ya kankama. Ana kafa rumfuna da wasanni na 'yan makonni a lokacin da jama'a ke da kuɗi kuma sama ta yi sarari, sannan a kwashe. Ba a biyan albashin Agusta. Mai na'urori uku da ake iya kwancewa a ɗora a mota zai iya yin Sallah a New Bell, Kirsimeti a wata unguwa, ya kai su bikin makarantu da na kamfanoni a tsakani, har ya haura Ngaoundéré ko Garoua inda damina ba ta kai ta nan tsanani ba.

Hanya ta biyu ita ce a shiga ƙarƙashin rufi. Douala Grand Mall, da aka buɗe a Disambar 2020, ya nuna dabarar: wasa da sinima suna jawo iyali, shaguna da gidajen abinci su ci moriyar zuwansu, ruwan sama kuma bai hana komai ba. Ba sai an yi mai girman wannan ba. Bene ɗaya a saman jerin shaguna, ko tsohon sito da aka gyara, mai wurin tsalle, ƙananan motoci da wasannin kwamfuta, zai mayar da watannin hutun damina su zama kakarsa maimakon lokacin asararsa. Idan aka haɗa da zauren da za a riƙa haya don suna, walima da kamu, da ƙaramin filin ƙwallo mai ciyawar roba da matasa ke kamawa awa-awa da dare, an samu abin da zai riƙe kwana 275 ɗin nan da suka fi ba da tsoro.

Ta uku ba ta ɗan kasuwa kaɗai ba ce. Filin wasa na unguwa, mai lilo da bishiyoyi da benci, ba ya biyan kuɗin ƙasarsa a ko'ina a duniya, hukuma ce ke samar da shi kamar yadda take samar da titi. Parcours Vita da ke arewacin birnin misali ne na wurin da ba don riba aka yi shi ba. Abin da shugabannin al'umma a Douala ta 2 da ta 3 za su iya nema shi ne magajin gari ya ware fili, ko da rabin hekta ne, a ba ɗan kasuwa izinin sa na'urori da rumfuna na wasu shekaru, da sharaɗin wani sashe ya zama kyauta ga kowane yaro. Da zarar an cire kuɗin fili daga lissafin da muka yi a sama, sauran na iya tsayawa da ƙafarsa.

Wanda kuma yake da niyya da gaske, akwai gwajin da bai kai kuɗin kwantena ɗaya ba. Ya nemi izinin harabar wata makaranta, ya ɗauko hayar na'urori biyu da gidan iska na kwana uku a Sallah mai zuwa, ya maimaita a Kirsimeti, ya sake maimaitawa a wata Asabar da ba bikin komai. Ya sa mutum a ƙofa da littafi yana rubuta yara nawa suka shigo, daga wace unguwa, nawa kowanne ya kashe, da ƙarfe nawa aka watse. Alƙaluman ranar Asabar ɗin su zai kai wa abokan jarinsa.